Mantau Mai Son Kore

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cika ciki da tuwo.

Ta zo mu ji ta, Inna!

Wani mutum ne wai shi Mantau. Gonarsa tana bakin hanyar kasuwa. Da damina ta sauka, sai dawarsa ta tashi kore shar, har ta fi doki tsawo. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce, "Kai! Gonar wa ce wannan?" Sai kan Mantau ya kumbura. Sai ya kafa rumfa a bakin hanya, ba aikin fari ba na baƙi, yana zaune yana jiran yabo.

Ana nan, sai ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo. Ganyen dawa ya koma rawaya, zangarniya ta yi ja wur ta sunkuyar da kai, ciyawar daji ta yi launin zuma. In rana ta yi sanyi ka hango gonaki, sai ka rantse wuta ce ta kama ba hayaƙi. Kowa na murna, ban da gogan naku.

Ya sheƙo gida ya ce wa matarsa Tabawa, "Gona ta kamu da ciwo!"

Ta ce, "Maigida, nuna ta yi. Wasa wuƙa, rumbunmu ba ko ƙwaya."

Ya ce, "Ke me kika sani game da kyau?"

Sai ya ɗauki tulu, ya yi ta jido ruwa daga rafi yana kwarara wa dawa. Kwana uku yana yi, har wuyansa ya ƙage. Dawa ta ƙara ja.

Akwai wata tsohuwa, Iya Cima, da 'yar gonarta ke jikin tasa. Ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, dubi yadda Allah ya yi wa gonarka ado."

Ya ce, "Ado? Tsufa dai, Iya, irin naki."

Ta ce, "To, sannu da ban ruwa."

Sai ya nufi marina. Ya ce wa marini, "Ina son rinin kore, na gona guda."

Marini ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Mu nan baba kawai gare mu."

Ya ce, "Zuba mini, da tafiya zai yi kore."

Ya kinkimo ruwan baba, ya sa tsintsiya yana yayyafa wa ganye. Hannunsa ya yi shuɗi, gemunsa ya yi shuɗi, har akuyar Tabawa da ta bi shi ta dawo gida shuɗiya. Dawa kuwa ta ƙara ja.

Iya Cima ta leƙo ta ce, "Sannu da rini."

Sai ya zauna ya yi tunani, irin tunanin da gara a ce bai yi ba. Kun san gawo, shi sai da kaka yake fid da ganye. Mantau ya hau gawo, ƙaya na yagarsa, ya saro rassa ya ɗaure a jikin kowane kara. Ya ja da baya ya duba. Kore ya dawo, amma jajayen kawunan nan suna ɓata masa kallo. Sai ya zaro wuƙar da Tabawa ta ce ya wasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fillewa yana wurgawa bayan shinge.

Bayan shingen nan kuwa gonar Iya Cima ce. Ta ce, "Ɗan nan, hatsi ne fa kake zubarwa."

Ya ce, "Shara ce. In kina so kwashe."

Ta ce, "Har sau uku zan tambaye ka. Na kwashe?"

Ya ce, "Kwashe, kwashe, kwashe!"

Tsohuwa ta ɗaura ɗamara. Ta cika rumbunta, ta ari na maƙwabci ta cika.

Mantau ya koma rumfa yana jiran yabo. Masu wucewa suka tsaya, amma dariya suka yi har da riƙe ciki. Kwana biyu ganyen gawo ya bushe ya kakkaɓe, sai kara tsirara. Tabawa ta leƙa rumbu, ta ga ko ɓera ya yi ƙaura. Ta kwashi 'ya'yanta da shuɗiyar akuyarta, ta tafi gidansu.

Yunwa ta ci Mantau kwana uku. A na huɗu ya ja ƙafa zuwa ƙofar Iya Cima, ya yi sallama da 'yar ƙaramar murya. Ƙamshin tuwon sabuwar dawa ya buge shi, har yawunsa ya tsinke.

Ta ce, "Maraba da mai ado. Zauna."

Ta shiga ta fito da akushi a rufe. Ya buɗe, sai ya ga miyar kuka zalla, kore shar.

Ya ce, "Iya, ina tuwon?"

Ta ce, "Ayya, ɗan nan, tuwon ja ne. Na ji tsoron kada ya ɓata maka kallo."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Damina da korenta, kaka da janta, kuma jan ne ke shiga tukunya. Wanda na sake ji ya raina tuwona gobe, akushin Mantau na jiransa.