Mutumin da Ya Gina wa Uwarsa Tanderu

Akwai wani mutum da Allah ya buɗa masa, sai ya ce a ransa, "Bari in gina wa uwata gida ta huta." Uwar nan tsohuwa ce mai ciwon asma, in ya tasar mata sai ka ji ƙirjinta yana kuka kamar usur.

Ya kira wani tsohon magini. Shi kuwa maginin nan ba ya jan igiyar harsashi sai ya wuni a filin tukuna, yana duban inda rana take bi, yana watsa ƙaiƙayi sama don ya ga inda iska za ta kai shi. Da yamma ya yi gyaran murya, ehem, ehem, kun dai san tsofaffi, ya ce, "Yallaɓai, tagogi su dubi kudu da arewa. Bango a yi shi da tubalin ƙasa, mai kauri. Itacen maɗacin nan kuma a bar shi, ya fi ni iya aiki."

Mutumin ya saɓa hannun riga ya ce, "Ƙasa? Baba, ƙasa fa ka ce? Shekara saba'in Inna tana kwana a ɗakin ƙasa. So kake a tashi daga sujada ranar Lahadi ana cewa ɗanta ya sake mayar da ita? Haba!"

Ya sallami tsohon. Ya sa aka sare maɗacin, aka zuba siminti har tsakar gida, aka buga kwano. Aka sa manyan tagogin gilashi suna duban yamma, gama ta nan hanyar kasuwa take, kowa zai gani. Kowa kuwa ya gani. Mata suka riƙa wucewa suna riƙe haɓa: "Kai! Kai! Wannan tsohuwa ta yi sa'ar ɗa!"

Sai bazara ta zo. Rana ta shiga ta gilashi ta zauna, ta ƙi fita. Mutumin ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, ya sayo janareta, ya kafa shi a bayan tagar uwar. Janareta ya yi ta gur-gur-gur yana aman hayaƙi. In an kashe shi tsohuwa ta gasu, in an kunna ta yi ta tari. Amma in ɗan ya tambaya, sai ta ce, "Lafiya lau, ɗana, uhu, uhu, Allah ya yi maka albarka."

Wata rana da tsakar rana ya zo bai same ta ba. Hankalinsa ya tashi. Can ya hango ta a tsallaken hanya, a ƙofar zauren wata maƙwabciya, zauren ƙasa, tana ɓarar gyaɗa, numfashinta sumul.

Ya ce, "Inna, me kike yi a nan? Gidan ne bai yi miki ba?"

Ta ce, "Ya yi, ɗana. Ai daga nan ya fi kyaun kallo."

Mutumin ya sunkuyar da kai, gama yana ƙaunar uwarsa ƙwarai. Ya tafi wurin tsohon maginin ya durƙusa ya ce, "Baba, zo ka rushe shi."

Tsohon ya ce, "A'a. Simintin nan an riga an ƙona dutse an yi shi, ka rushe a sake ƙona wani? Ehem. Gyara za mu yi."

Ya huda tagogi a kudu da arewa, ya yi rumfa a gaban gilashin, ya shafa wa kwanon farin fenti, ya fasa simintin tsakar gida ya dasa itatuwa. Iska ta sami hanya, janareta ya yi shiru, tsohuwa ta dawo ɗakinta.

To, ga ma'anar misalin, kuma masu dariya a bencin baya ku saurara. Mutumin nan mu ne. Ba mugu ba ne, idon mutane kawai ya gina wa gida. Hayaƙin janareta da na wutar da ake ƙona dutsen siminti da ita, wanda masana suke kira kabon, ba ya tsayawa a bayan taga. Sama yake hawa ya taru, ya ƙara wa duniya zafi, ya rikita damina. Tsohuwar kuwa ita ce dukan waɗanda suke shan wahalar abin da muka gina, suna shiru. Ita ta sami zauren maƙwabta. Duniyar da Ubangiji ya ba mu amana ba ta da tsallaken hanya.

Saboda haka, ƙaunatattu, wasunku za su zama injiniyoyi, wasu magina, wasu masu gida. Rana da iska da inuwa kyauta ce daga Allah, kada girman kai ya sa ku rufe musu ƙofa. In an ce da ku "Allah ya yi albarka," ku kasa kunne da kyau, ko akwai tari a ciki.