Fayafayai Shida da Ba Su Hau Bene Ba

Akwai wani dattijo da aka zarga da sata ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe goma da kwata na safe, a wurin da ya shekara ashirin da biyu yana aiki. Wurin wata cibiya ce ta ɗaukar hoton marasa lafiya, irin hoton ƙirji da na ƙashi. Shi ne mai kula da ɗakin na'urori, kuma kowa Baban Kaset yake ce masa, domin shi yake kwafe bayanan cibiyar a kan kaset ya adana.

Bari in fara bayyana muku yadda aikin yake, don ku fahimci abin da ya biyo baya.

A ƙasan ginin akwai wata babbar kwamfutar ajiya, wadda masu wannan sana'a suke kira sabar. Ma'aikata kuwa Tsohuwa suke ce mata. A cikinta akwai fayafayai goma sha biyu masu ɗauke da hotunan shekara tara. Tsofaffin hotunan nan babu su a ko'ina sai a cikinta. Fayafayan tagwaye ne, wato shida ne na ainihi, kowanne da ɗan'uwansa mai ɗauke da abu iri ɗaya, domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya tsaya.

Tsohuwa ta fara gajiya. Tana zafi, tana ƙugi, wani lokaci ta mutu da kanta. Sai aka sayo sabuwa aka ajiye a bene, aka haɗa ta da sabuwar na'urar kaset. Tura hotunan ta waya zai ci mako uku, kuma babu mai tabbacin Tsohuwa za ta kai. Saboda haka aka yanke shawarar a zare fayafayan a ɗauke su da hannu, a sa a cikin ta benen, a kwafe su a kaset.

A zaman da aka yi ranar Litinin, Injiniya ya ce aikin awa biyu ne. Shi matashi ne mai ilimi, wata huɗu da zuwansa, kuma shi aka ɗora a kan sashen.

Baban Kaset ya ce, "Injiniya, a kai shida, a bar shida. Ba a ɗaukar tagwaye a tafiya ɗaya. Sai an rubuta kaset, an kuma karanto shi an ga ya fito daidai, sannan a taɓa sauran."

Injiniya ya yi murmushi. "Baba, matakala ashirin ce fa, ba teku za mu tsallaka ba. Gobe da safe ina son in ga sha biyun a bene."

Manaja, wadda ita ce shugabar cibiyar, ta goyi bayan Injiniya.

Da safiyar Talata Injiniya ya hau bene ya tarar da kwali a kan tebur. Ya buɗe ya ga fayafayai shida, kowanne an manna masa salatif an rubuta lamba, daga ɗaya zuwa shida. Ya sauka ƙasa ya buɗe cikin Tsohuwa, ya ga ramuka goma sha biyu, duka wayam.

Ya ƙirga abin a ransa sau biyu. Sha biyu sun fita, shida sun iso.

A wurin da ya baro, an taɓa kama wani ma'aikaci yana sayar da bayanan mutane. Tun daga lokacin ba ya yarda da duk wanda yake riƙe da makulli shi kaɗai. Sai ya nufi wurin mai gadi.

"Jiya da yamma ka ga Baba da wani kaya?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Na gan shi da kwali, ya lulluɓe shi da tawul. Ya rungume shi kamar jariri. Ya bi ta barandar baya."

"Ta inda ake ajiye motoci?"

"To, hanyar dai can take kaiwa. Ni ban bi shi ba."

Aka duba kyamarar tsaro. Ga Baban Kaset nan da ƙarfe huɗu da rabi, yana tafiya a hankali, yana waiwaye, har ya sha kwana inda kyamarar ba ta kaiwa.

Da ƙarfe goma da kwata aka kira shi ofishin Manaja. Ba a ce masa ya zauna ba.

Manaja ta ce, "Baba, ina fayafayai shida?"

"Ranki ya daɗe, suna cikin ginin nan. Ba su wuce ƙofa ba."

"A ina?"

Ya dubi Injiniya, sannan ya dube ta. "Zan faɗa miki, idan kin yi mini alkawari babu mai taɓa su sai an karanto kaset."

Ranta ya ɓaci. "Sharaɗi kake gindaya mini a kan kayan cibiya?"

"Ba sharaɗi ba ne, ranki ya daɗe. Roƙo ne."

Injiniya ya ce, "Kin ji ko? Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya neman lokaci. Kwana biyu sun isa mutum ya kwafe komai ya dawo da su kamar ba a taɓa ba. To waiwayen me kake yi a baranda, Baba?"

"An goge tayil ɗin, akwai santsi. Ina duban kada wani ya bangaje ni."

Babu wanda ya yi dariya. Manaja ta miƙa hannu ta ce ya ba da makullinsa da katin aikinsa. Ta ce an dakatar da shi zuwa ranar Juma'a, kuma idan fayafayan ba su fito ba, za ta miƙa maganar ga hukuma.

Ya ajiye makullin a kan tebur. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Injiniya, abu ɗaya. Ta benen ba ta san fayafayan nan ba. Za ta tambaye ka. Ka jera su bisa lamba, kuma kada ka amsa mata da sauri."

Injiniya bai ko ɗago kai ba.

Kafin azahar labari ya zaga ginin. Wata ta ce dama ta lura ya canza waya. Wani ya ce ai shirun nan nasa ya yi yawa. Mutanen da ya sha gyara wa kwamfuta suka riƙa kau da kai yayin da yake wucewa da jakarsa.

Matarsa tana shanya a tsakar gida ta gan shi ya shigo da rana tsaka.

"Malam, lafiya? Ko wutar ofis ce ta ɗauke har da ku?"

Ya zauna a kan benci ya ba ta labari. Ta saki rigar da take matsewa a cikin bokiti.

"To ka faɗa musu mana. Shekara ashirin da biyu kana shan sanyin ɗakin nan har ƙafa ta fara ciwo, yau a ce maka ɓarawo, kai kuma ka yi shiru? Hotunan nan na danginka ne?"

"Na dangin wasu ne. Idan na faɗa yau, yaron nan zai kwaso su ya haɗa da sauran. In ya yi kuskure, duka sun tafi."

"In kuma bai yi kuskure ba?"

"Sai in faɗa ranar Juma'a, in ba da haƙuri."

Ta harare shi. "Taurin kan nan naka ko a gidan aure ban ga amfaninsa ba, bare a ofis." Duk da haka ta kawo masa ruwa, ta kuma hana jikoki hayaniya.

Ranar Laraba da safe wani likita ya aiko yana neman hoton ƙirjin wata mata da aka ɗauka shekara shida da suka wuce. Yana son ya gwada da sabon hotonta kafin ya yanke shawarar yi mata aiki. Manaja ta kira Injiniya. Ya ce shidan da suke hannu sun isa, kafin la'asar hoton zai fito.

Ya hau bene ya zura fayafayan a ramukansu yadda suka zo hannunsa, bai dubi lambobin ba. Ya kunna na'urar. Sai rubutu ya fito a allo cewa ta ga baƙin fayafayai, kuma tsarinsu bai yi daidai ba. Shin a jira a gyara, ko a share tsohon tsarin a fara sabo?

Ya tuna maganar dattijon. Amma zuciyarsa ta ce masa dabara ce kawai ta ɓata lokaci. Ya zaɓi a fara sabo.

Na'urar ta yi aikinta cikin biyayya. Bayan minti arba'in ta nuna masa fili mai yawa, fes, babu hoto ko ɗaya.

Ya kashe ya kunna. Ya zare ya mayar bisa lamba. Babu abin da ya dawo.

Ya sauka ɗakin Tsohuwa ba tare da ya san abin da yake nema ba, ya zauna a kujerar Baban Kaset. A kan teburin akwai wani littafi mai baƙin bango, inda dattijon yake rubuta duk abin da ya taɓa a ɗakin. Injiniya ya sha yi masa ba'a, yana kiransa littafin tarihi, kuma bai taɓa buɗe shi ba. Ranar ya buɗe. A shafin ƙarshe ya ga an rubuta:

"Litinin, huɗu da rabi. Na raba tagwaye. Shida na kai bene. Shida na sa a akwatin ƙarfe na ɗakin fayil, a gaban mai kula da fayil. Za ta tafi hutu gobe. Makulli na biyu yana wurin Manaja."

Ɗakin fayil yana ƙarshen barandar baya, kafin ƙofar motoci.

Manaja ta karanta shafin a tsaye. Ta jawo durowar teburinta, ga makullin nan a ƙarƙashin takardu. Suka je tare suka buɗe akwatin. Ga kwali, ga tawul, ga fayafayai shida, kowanne da lambarsa.

Ta ce, "Ɗauko su mu je bene."

Injiniya ya ja da baya, ya haɗa hannuwansa a bayansa. "Ranki ya daɗe, ni ba zan taɓa su ba. Su kaɗai suka rage."

Da la'asar ya je gidan da kansa. Matar Baban Kaset ce ta amsa sallamar. Ta ƙare masa kallo daga takalmi zuwa kai.

"Kai ne Injiniyan? Bincike ka zo? Ga ɗaki nan, fara da ƙarƙashin gado."

Ya durƙusa. "Mama, haƙuri na zo bayarwa."

Baban Kaset ya fito. Injiniya ya faɗa masa duk abin da ya faru, bai rage komai ba. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Na akwatin, ka taɓa su?"

"A'a, Baba."

"To ba a yi asara ba. Tashi, ɗana. Ni ma ina da nawa laifin. An ba ni umarni na saɓa, kuma na rubuta a inda na san ba ka dubawa."

Washegari Baban Kaset ya koma aiki. Bai kai shidan da ke akwatin bene ba. Ya mayar da su cikin Tsohuwa, ya sa fanka biyu suna hura mata iska, ya fara ciro hoton matar nan ya aika wa likita. Sannan ya sauko da waɗanda aka share, ya sa kowanne kusa da ɗan'uwansa, ya bar su kwana biyu har suka sake zama tagwaye. Tsohuwa ta yi ta ƙugi, amma ba ta mutu ba.

Bayan nan ya sake raba su. Shida suka koma akwatin ƙarfe, wannan karon Manaja ce ta kulle da hannunta. Shida kuma Injiniya ya rungume su a cikin tawul ya hau matakala ashirin ɗin, yana tafiya a hankali, yana waiwaye. Suka jera su bisa lamba. Da na'urar ta yi tambayarta, suka ce ta karɓi tsohon tsarin yadda yake.

Ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga wata, aka gama rubuta kaset goma sha huɗu, aka karanto su ɗaya bayan ɗaya. Hotunan shekara tara suka fito cif, babu wanda ya ɓata. Manaja ta janye takardar dakatarwa a gaban dukan ma'aikata, ta mayar wa Baban Kaset makullinsa da katinsa. Shafin ranar a littafin mai baƙin bango, Injiniya ne ya rubuta shi.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da rabin abin da ka gani, domin wanda kake zargi yana ɓoye kaya, wataƙila kare su yake yi daga gaggawarka. Ka bincika kafin ka ɓata sunan da aka daɗe ana ginawa, kuma duk abin da aka ba ka amana, kada ka motsa shi sai ka bar kwafinsa a inda hannu ba zai kai ba. Idan ka ƙaru da wannan labari, ka tura wa abokan aikinka da 'yan'uwanka, musamman masu shugabantar wasu.