Takardun Malam Labaran

Akwai wani mutum a birnin Zariya ana ce masa Kabir, wanda a shekarar 1998 ya buɗe shagon kwamfuta a Ƙofar Doka. A lokacin kwamfuta ba abin da ake gani a kowane lungu ba ne. In ya kunna ta, har masu wucewa sukan leƙo.

Kabir ya yi kwas na wata shida a Legas, kuma tun da ya dawo, in ya yi magana uku, biyu da Turanci ne. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Kansa ne dai ya ɗan kumbura.

A shagon akwai Hajiya Ramatu. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana buga takardun gwamnati da tafireta, da ta yi ritaya Kabir ya ɗauke ta tana buga wa mutane wasiƙu. Sa'ar mahaifiyarsa ce, amma a shago shi ne oga.

Wata rana kawunsa Alhaji Jumare ya taho daga Limancin Kona riƙe da wata tsohuwar gafaka. A cikinta akwai tarihin gidansu, shafi ɗari da arba'in. Marigayi Malam Labaran, mahaifin Alhaji kuma kakan Kabir na wajen uwa, shi ya buga shi da tafireta tun yana akawun En'e. Asalin gidan, malaman da aka yi, wa ya haifi wa, duk yana ciki. Kuma kwafin nan guda ɗaya ne tak a duniya.

"Gara ta shiga," in ji Alhaji. "Ina tsoron ta bi ta kan sauran littattafan Malam. A juye mana shi, mu buga littafi, a karanta wa dangi a taron bayan Sallah. Wannan kuma sai in ƙone shi, tun da akwai sunan Allah a ciki, ba ya zuwa shara."

Hajiya Ramatu ta ce in aka ba ta wata biyu za ta buge shi tsaf. Kabir ya yi dariya.

"Hajiya, zamani ya wuce nan. Sikana za ta ɗauki hoton kowane shafi. Sannan akwai manhajar da ke duba hoton, ta gane haruffa, ta mai da shi rubutun kwamfuta. Kwana uku an gama."

Sikana kam yana da ita. Manhajar ce babu. Sai ya tafi Kaduna, wani dillali ya ba shi iri biyu, ya ce ya gwada ya zaɓi ɗaya. Ta farko a cikin ƙaton kwali mai ƙyalli take. Ta biyun kuwa faifai huɗu ne a ambulan, ko hoto babu.

Da ya dawo, sai ya yago shafin wata sabuwar mujalla, fari tas, ya gwada da shi. Ta farko kafin ka ce kwabo ta karance. Ta biyu ma ta karanta, sai dai tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Hajiya Ramatu ta matso. Ta zaro wani shafi daga tsakiyar gafakar, wanda tawadarsa ta dusashe, gara ta ci gefensa.

"Kabiru, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ai ba mujalla Alhaji ya kawo ba. Gwada su da wannan."

Ya gwada don ta ƙyale shi. Ta farko ta fito da shafi sumul, babu ko ɗigon alama. Ta biyu ta fito da nata duk ta shafa rawaya a wuraren da take shakka, har da wani wuri da ta tsaya cak, ta nuna ba ta iya karanta shi ba.

"Kin gani ko?" in ji Kabir. "Wannan sai tambaya kamar alƙali. Wa ke da lokacinta?"

"To mu ɗora shafin da ta farkon ta fitar kusa da asalin takardar. Kai kana karantawa, ni ina bi da yatsa. A ofis haka muke yi, babu takardar da ke fita sai mutum biyu sun bi ta."

"Wancan don tafireta ne, Hajiya. Kwamfuta ba ta mantuwa."

Ya zaɓi mai kwali. Kuma gaskiya ne, kwana uku ya gama. Ya duba shafi biyar na farko, ya gyara 'yan kurakurai, sauran ya bi su da ido kawai, ya ga sun yi kyau. Aka buga littafi guda hamsin da bango kore.

Sai ya miƙa wa Hajiya Ramatu gafakar, tun da hanyar gidanta ta ƙofar gidan Alhaji take bi.

"Ki ce wa Kawu an gama, ya ƙone abinsa."

Ta dube shi, ta karɓa, ta tafi.

Ranar taro, da hantsi, zauren gidan Malam Labaran ya cika. Maza a kan tabarmi, mata a soron ciki inda suke jin komai. Aka raba littafi. Kabir na zaune kusa da kawunsa cikin sabuwar shadda, kowa ya shigo sai ya sa masa albarka. Daɗi kamar ya kashe shi.

Alhaji Jumare ya sa tabarau ya fara karatu. Ya bi kakanni ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu addu'a. Can ya iso shafin 'ya'yan Malam Labaran.

"Jumare. Adama. Jibril. Safiyatu."

Ya juya shafi, sai ga wani babi daban. Ya dawo baya. Ya sake juyawa.

Daga soron ciki sai aka ji muryar wata mace, ba da ƙarfi ba.

"Yaya, ni fa?"

Mariyamu ce, autar Malam Labaran. Ita ce mahaifiyar Kabir.

Kabir ya fizgi littafi ya duba. Babu sunanta. Tun da babu ita, shi ma babu shi, babu ƙannensa, babu 'ya'yansa. Littafi hamsin suna hannun dangi, kuma su za a bar wa jikoki. Wanda ba ya ciki, nan da shekara hamsin baƙo ne a gidan.

Zufa ta karyo masa. "Kawu, a duba asalin takardun."

"Waɗanne? Ai ka aiko in ƙone."

Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe Kabir. Ya buɗe baki, Hausa ta ƙi zuwa, Turancin ma ya gudu.

Alhaji ya bar shi ya ɗan jiƙa, sannan ya ɗaga murya. "Hajiya Ramatu, a kawo."

Ashe ranar da aka aike ta, roƙon Alhaji ta yi ya bar mata gafakar har a yi karatu. Ta kulle ta a akwatin ƙarfe a ɗakinta. Yau kuma da ita ta zo.

Aka buɗe shafi na tamanin da bakwai. Sunaye huɗu an buga su da tafireta. A ƙasansu akwai wani layi da alƙalami, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Malam ya gama buga tarihin kafin a haifi Mariyamu, shi ya sa ya ƙara ta da hannunsa. Manhajar mai kwali ba ta iya karanta rubutun hannu ba, kuma ba ta faɗa ba. Tsallakewa kawai ta yi, ta gyara shafinta sumul.

Alhaji ya karanta. "An haifi Mariyamu ranar Laraba, bayan ruwa. Allah ya raya mini ita."

Aka miƙa shafin ciki. Mariyamu ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba.

"Shekarata arba'in da takwas," in ji ta, "ban san Malam ya rubuta ni da hannunsa ba."

Kabir ya tashi ya je bakin soron ya durƙusa. "Inna, ki yafe mini. Saura kaɗan in sa a ƙone."

"Na yafe, Kabiru. Amma ba ni kaɗai za ka ba haƙuri ba."

Ya juya wajen Hajiya Ramatu. Ita ko kallonsa ba ta tsaya yi ba, gafakar take ɗaurewa. "Gobe ka zo da wuri," ta ce. "Ka zo da mai yawan tambayar nan."

Washegari aka tattaro littattafan hamsin. Kabir ya sa manhajar ambulan. Duk inda ta shafa rawaya sai a tsaya, shi yana karantawa, Hajiya na bi da yatsa. Sati bakwai suka yi. Suka gano layi goma sha tara da waccan ta haɗiye ba ta ce uffan ba, har da sunayen mutum shida.

Gafakar ba a ƙone ta ba, tana nan a akwatin ƙarfe. Shafi na tamanin da bakwai ne kawai ba ya ciki. Mariyamu ta ce ko Alhaji ba za ta ba ba.

Darasi: Na'ura ce ko mutum, wanda zai ce maka "nan ban gane ba" ya fi wanda zai rufe kuskure ya miƙo maka aiki mai ƙyalli. In za ka gwada abu, gwada shi da aiki mafi wuya, kada ka rabu da asali sai ka tabbatar da kwafi, kuma kada sabon ilimi ya sa ka raina wanda ya riga ka sanin aiki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffin takardu a gida.