Mutumin Da Ya Ƙi Zama A Bayan Ayari

An yi wani mutum a nan garinmu na Bunbury, ya 'yan uwa, wanda Allah ya hore wa ƙarfin jiki da farin jini. Ba zan faɗi sunansa ba. Wasunku sun yi salla a sahu ɗaya da shi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da liman ya ce in yi muku magana yau, na ji wata tana cewa me mace a keken guragu za ta yi in ba ta sa mutane kuka ba. To, ban zo roƙon tausayi ba. Labari na kawo, kuma ba ni ce abar tausayi a cikinsa ba.

Mutumin nan ya shekara uku yana shirin gasar Disamba ta garin Busselton, wadda ake ninƙaya a teku, a fito a hau keke kilomita ɗari da tamanin, a sauka a yi gudun kilomita arba'in da biyu. Ba mugu ba ne. Shi ya koya mini keke. Ranar da na fara fita da hijabi a ƙarƙashin hular kwano, gwaggonninmu suka yi ca a kaina, shi ya ce musu duk wadda ta iya kamo ni a hanya, ta hana ni. Farfesa yake kirana, don ina karatun lauya a birnin Perth. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya kallon ƙeyar wani a gabansa. In wani ya gaji ya ja baya, sai ya ce a kawo wa bawan Allah bargo da shayi.

A watan Satumba, lokacin da tsuntsayen magpie ke gadin sheƙa suna kai wa masu keke sura, ɗaya ta kai masa a kunne. Ya goce, ya faɗi, ƙashin kafaɗarsa ta dama ya karye. Likita ta ce sai bayan mako goma sha biyu zai sake hawa titi. Gasa kuwa saura mako goma.

Ya 'yan uwa, mene ne wannan in ba jarrabawa ba? Gasar nan duk shekara ake yin ta. Teku zai ƙafe kafin baɗi ne?

Na ga wahalar da ya sha, ba zan rage masa ba. Matarsa Rohani ke sa masa riga, ita ke ɗaure masa takalmi. Ya kafa keke a gareji yana tuƙi wuri guda, hannu a rataye, ido a bango, gumi na ɗiga a siminti. Duk Asabar yana jin ayarinmu na masu keke yana wucewa ta ƙofar gidansa. Ya daina zuwa shan kofi da mu don kada a yi masa ya jiki. Da a nan ya tsaya, da haƙuri ne mai lada.

A mako na shida ya cire maratayin hannu. Ya ce wa Rohani likita ta sallame shi. Ni ma haka ya gaya mini. Ƙarya ce, bai ko koma asibitin ba. Maganin kashe zafi yake haɗiya bayan sallar asuba.

Duk mai hawa a ayari ya san ƙa'ida. Bibbiyu muke tafiya, taya dab da taya, tsakani bai kai kamu guda ba. Na baya ba ya ganin titi, gadon bayan na gabansa kawai yake gani. Saboda haka na gaba shi ne idon kowa. In ya hango rami ko reshe, sai ya saki hannu ɗaya ya nuna ƙasa, na bayansa ya nuna, har saƙon ya kai ƙarshen layi. Wanda bai gama warkewa ba, wurinsa can baya, kuma ba mai ganin laifinsa.

Des, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, shi ke jagorancin ayarinmu tun ban san keke ba. Da ya gan shi a safiyar Asabar ɗin, sai ya ƙare masa kallo.

"Ɗan samari, ka dawo da wuri. Yau ka zauna a baya tare da ni, mu yi hirar ciwon gwiwa."

"Ni a layin 'yan fansho? Des, ko da hannu ɗaya sai in ja ku har gida. Farfesa, shigo bayana ki ɗauki darasi."

Aka yi dariya, har da ni. Des ya ce ya ɗaga hannun a gani. Ya ɗaga shi sama yana murmushi. Na ga gumi a saman leɓensa alhali safiyar da sanyi, ban kawo komai a raina ba. Ɗaga hannu a tsaye daban, ɗora masa nauyin jiki a kan keke daban. Shi kaɗai ya san haka a cikinmu.

Na shiga bayansa ina taƙama. Wa zan amince wa fiye da shi?

Mun yi kusan awa guda, muna kan hanyar bakin ruwa wajen garin Australind, iska na dukan fuska, muna gudu sosai. Ruwan saman makon ya fasa kwalta a wani wuri. Ya hango ramin tun daga nesa, shi da bakinsa ya gaya wa Des daga baya. A lokacin maganin ya sake shi. In ya saki hagu, nauyinsa duka zai hau karyayyiyar kafaɗa. Dama kuwa ta ƙi ɗaguwa. Yana iya yin ihu, amma ihu ba nuni zai tona masa asiri a gaban mutum goma sha shida. Sai ya zaɓi ya kauce shiru, yana fatan zan bi sawunsa.

Ni dai na ga rigarsa ta goce, sai baƙin rami. Tayata ta gaba ta faɗa. Mutum huɗu suka bi ta kaina. Su sun tashi da ƙujewa da karayar yatsa. Ni ban tashi ba, ƙashin bayana ne ya taɓu.

Wata biyar na yi a asibiti a Perth. Na koyi zama, na koyi juyi a gado, na koyi alwala a zaune kamar wadda ta musulunta jiya. A kan gadon na rubuta jarrabawata, na kuma ci. Masu dubiya suna zuwa suna cewa ƙaddara ce. Ƙwarai ƙaddara ce, na karɓe ta hannu biyu. Amma ƙaddarata ba ta wanke ƙaryarsa ba, kuma ban yarda kowa ya haɗa mini su wuri guda ba.

Sau ɗaya ya zo asibitin. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwanon abincin da Mama ta dafa mini.

Na ce, "Yaya, shigo mana. Ƙafa na rasa, ba cizo na koya ba."

Ya sunkuya ya ajiye kwanon a ƙasa, ya juya.

Daga nan, ya 'yan uwa, sai ya yi ta zubewa kaɗan-kaɗan. Kafaɗar ta haɗe a karkace. Bai shiga gasar ba, bai sake taɓa keke ba. Ya daina zuwa masallaci don kada su haɗa ido da Baba. Rohani ta yi shekara tana zaune da mutumin da ba ya magana, ba ya ɗaukar 'yarsa, sannan ta koma gidan iyayenta a garin Katanning. Shi kuma ya tafi arewacin ƙasar nan aikin haƙar ma'adinai, inda ba wanda ya san shi. Mama ta rasu a azumin bara tana tambayar ko ya kira. Ya iso maƙabarta bayan an rufe ta, ya tsaya jikin motarsa daga nesa, kafin a shafa fatiha ya tafi.

Ku lura, ba wanda ya kore shi. Des ya neme shi. Baba ya neme shi. Ni na yafe masa tun ina kwance, na rubuta masa haka ya fi a ƙirga. Amsa ɗaya na taɓa samu, kalma uku: "Ban cancanta ba."

Mutane na cewa nadama ce ta cinye shi. Ni ban yarda ba. Nadama tana kawo mutum ƙofar wanda ya cuta, ta durƙusar da shi. Wannan girman kan nan ne ya sake riga. Karɓar gafara sai an sunkuya, shi kuwa bai taɓa koyon sunkuyawa ba. Wane ne ya cancanci gafara a cikinmu? In da cancanta ake samunta, wa zai tsira?

Darasin a fili yake. In Allah ya sa ka a gaba, a gida ko a wurin aiki ko a kan titi, akwai waɗanda suka daina kallon hanya saboda sun yarda da kai. Rauninka ba abin kunya ba ne, ɓoye musu shi ne cin amana. Ka ce ba zan iya ba yau. Ka koma baya. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, kada ka ƙara da gudu, don waɗanda ka bari suna biyan gudun nan fiye da yadda suka biya laifin farko. Ni na saba da keken guragun nan. Rashin yayana ne ban saba da shi ba.

Da yawanku aiki na kai ku arewa. In ɗayanku ya gamu da wani dogon mutum mai karkatacciyar kafaɗa, yana cin abinci shi kaɗai, kada ku yi masa wa'azi. Ku ce masa ƙanwarsa ta ce ya dawo gida, Baba ya tsufa.

Ya Allah, ka tausasa zuciyar da ta ƙeƙashe, ka dawo da wanda ya ɓata tun mahaifinsa na da sauran numfashi. Allah ya kiyaye mu daga girman kan da ke hana faɗin gaskiya, ya kiyaye mu daga wanda ke hana tuba. Amin.