Dalilin da Ya Sa Kurciya Ba Ta Shiga Tukunyar Tattabara

Kai Ɗanliti, tambayar da ta hana ka wanke hannu ke nan? Yara sai shegen bin diddigi, aiki kuwa sai an ɗaga murya. To ku matso, sau ɗaya zan faɗa.

Dalilin da ya sa tattabaru ke fitowa launi-launi daga tukunya guda, kurciyoyi kuwa duk kamar ƙasa, asalinsu ɗaki ɗaya ne. Uwa guda ta saka ƙwai biyu. Na farko ya fashe, ga 'ya fara ƙal, aka sa mata Tattabara. Na biyu ya fito da 'ya mai launin busasshiyar gona, aka ce Kurciya. A gidan Gwaggo Tabawa mai ginin tukwane suke, wadda in tukunya ta tsage a wuta ba ta yarwa, sai ta rataye wa tsuntsayen a ƙarƙashin indararo. A lokacin ba mai duba launin wani. Fari ya auri baƙa, su haifi wake-wake, ba wanda ya ce uffan.

Sai wata shekara ruwa ya ɗauke. Rumbun Gwaggo ya yi wayam, ta daina watsa tsaki. Dole tsuntsaye suka fita daji tsintar ƙwayar ciyawa. Daji kuwa fili fetal, shaho na bisa. Farare ya fara ɗauka, sannan masu dabbare-dabbare. Masu launin ƙasa in sun lafe, sai ya wuce ta kansu.

Tsohon cikin masu launin ƙasa ya tara su ya ce, "Mu za mu zauna a daji. Amma mai haske ba zai bi mu ba, ba kuma aure tsakaninmu, kada a haifo mana abin da zai nuna wa shaho maɓoyarmu."

Kurciya ta ce, "Baba, yayata fa?"

Ya ce, "Yayarki ana hango ta daga ƙauyen gaba. Ki zaɓa."

Kurciya na da 'ya'ya biyu, wuyansu ya zama kamar tsinke. Ta koma bakin tukunya tana kuka. Tattabara ta dube ta ta ce, "Ke dai kin cika kuka, Auta. Tafi ki ciyar da su. Ni Gwaggo ba za ta rasa ɗan ƙanzon ba ni ba. Ruwa na sauka ki dawo, gefenki na nan."

Kurciya ta tafi. Da ta zo yin sheƙa a kan ƙaya, tsinke kaɗan ta jera, har ana hango sama ta ƙasanta. Mijinta ya ce, "Wannan ce sheƙar?" Ta ce, "Ai ba daɗewa za mu yi ba."

Ruwa ya sauka, ya tarar tana kan ƙwai. Ta ce bari su fashe. Suka fashe, ta ce bari su yi fiffike. Kafin su tashi ta sake sakawa. Haka damina ta bi damina. Kullum da hantsi takan hau reshe ta fuskanci gari ta kira yayarta, amma a hankali, don kada shaho ya ji. Muryarta ta sirance, abincin daji ya ƙanƙantar da jikinta, 'ya'ya da jikoki suka tashi a haka.

Sai da tsufa ya kama ta ta ce ko me za a yi yau sai gida. Ta ɗauki jikanta guda, suka sauka kan katangar Gwaggo. Tukwane sun ƙaru, cike da farare da baƙaƙe da jajaye, har da masu launin ƙasa irinta, don a ƙarƙashin indararo shaho bai isa ya zaɓa ba. Ta yi sallama. Wani ƙaton fari ya leƙo, ya karkata kai.

"Me tsohuwar nan ke cewa?"

"Oho, yaren daji ne," in ji matarsa.

Da ƙyar wata gyatuma ta tsinci sunan Tattabara a bakinta, ta ce, "Wayyo, Kaka? Ta rasu tuni. Har ta mutu rabin tukunyarta ba ta bari kowa ya kwanta ba."

Jikan ya ga wata budurwa, ya sauka ya yi mata rawar neman aure irin ta daji. Ta tuntsire da dariya, ta koma wurin mai kumbura wuya yana juyi. Kurciya ta dubi tukunyar yayarta, ta ga an cika ta da baƙin fuskoki. Ba wanda ya kore ta. Ba kuma wanda ya ce ta shigo.

Shi ya sa har yau tattabara ba ta tambayar launi, kurciya kuwa sai irinta take aure, jini ɗaya ya zama biyu. Sheƙarta har gobe tsinke kaɗan ce, ta mai shirin tashi. Takan zo ta zauna kan katanga ta yi ta kira, ta koma.

Wanda na kama yana auna ta da danƙo, ni da shi ne. Ku tashi haka nan, kowa ya kakkaɓe tabarmarsa ya kwanta.