Mutumin da Ya Kwashe Irin Doyar Matarsa

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bayan Lugbe, a shekarun da ake maido hedikwatar ƙasar nan daga Ikko zuwa Abuja. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye.

Matarsa Turai manomiya ce ta gaske. Shi in ya tada kunya, to ya gama nasa. Shuka, cire ciyawa, tono, ɗauko doya a kafaɗa daga gona har gida, duk ita ce. Kuma ita ke zaɓen iri. Duk kaka sai ta ware ƙananan doya masu lafiya ta jera su a rumfa cikin inuwa. Ko yunwa ta kai ina, waɗannan ba a dafa su.

Sai aikin titin filin jirgi ya iso. Leburori ko'ina, masu dafa musu abinci suna neman doya ruwa a jallo. Mutuminmu ya shiga kai musu. Ya sayi agogo, ya sayi rediyo, ana ce masa oga, kansa ya kumbura. Da doyar ci ta ƙare, sai ya nufi rumfar iri.

Turai ta tare ƙofa ta ce, "Maigida, wannan ba abinci ba ne, gonar baɗi ce. In ka kwashe me za mu shuka?"

Ya ce, "Birni ya zo, ke kina zancen gona!"

Ya ture ta ta faɗi a gaban 'ya'yanta, ya kwashe iri kaf, ko ɗaya bai bari ba. Ya 'yan uwa, wace irin zuciya ce wannan? Turai ba ta yi masa baki ba. Ta kwashi yaranta ta koma gidansu a Sheda.

Ba a jima ba aikin titi ya yi gaba, masu abinci suka bi shi, wanda ake ce wa oga ya wayi gari ba mai nemansa. Ga hadari ya fara haɗuwa. Ya shiga bin gidaje neman iri. To, a ƙauyen nan mace ke ba mace iri, haka suka taso. Wata dattijuwa, Elizabeth, ta dube shi ta ce, "Je ka ba Turai haƙuri ka dawo da ita. Hannunta za mu ba, ba naka ba."

Sheda ba nisa, amma girman kai ya hana shi. Wai shi zai durƙusa wa mace? Ya je kasuwa ya sayo manyan doya na ci, ya daddatsa da adda, ya binne a ranar. Bai san Turai in ta yanka doyar shuka takan shafe ta da toka ta bar ta ta sha iska ba. Shekara goma sha biyar yana ci daga hannunta, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Doya ta ruɓe a ƙasa, ciyawa ta cinye gona.

A wannan daminar masu awon fili suka zo. Duk gonar da suka tarar da shuka a kanta, sai su rubuta sunan mai ita don a ba shi wata a madadi. Da suka iso tasa, ciyawa har ƙirji. Ya bi su yana rantsuwa, "Oga, wallahi gonar ubana ce!" Mai rubutu ya tambaye shi ina shukar. Aka rubuta daji, katafila ta bi ta kai.

Wallahi ni na gan shi da idona bayan shekaru, ya tsufa, yana rakuɓe a bakin kasuwa yana jiran mata masu doya su miƙa masa wadda ta fashe. Abin ya tsaya mini a rai.

Ya 'yan uwa, tuwon da muke ci wa ya shuka, wa ya surfa, wa ya adana irinsa? Mata ne, matanmu da iyayenmu. Wanda ya raina guminsu ya ƙwace abin da suka tanada, zalunci ya yi, kuma Allah ba ya barin zalunci ko da a cikin gida aka yi shi. Ƙofar tuba ta buɗe wa mutumin nan, tafiyar yini guda ce kawai, ya ƙi.

In akwai wadda ka zalunta a gidanka, kada ka jira damina, ka nemi yafiyarta yau. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin waɗanda ke ciyar da mu, ya raba mu da girman kan da ke hana neman gafara. Amin.