Kukun da Ya Rufe Warin Kwakwa

Akwai wani mutum, kuku ne a gidan wani ɗan kasuwa mutumin kudancin Indiya. Uwar maigidan tsohuwa ce, ta makance, ita ce kuwa ta koya wa kukun girkin ƙasarsu tun tana gani. Kowace safiya yakan turara musu idli, wato wata irin wainar shinkafa da ba a soyawa, ya haɗa da catni. Catnin nan kwakwa ake kankarewa, a niƙa da ɗanyen barkono da citta da gishiri da 'yar tsamiya, sa'an nan a soya ƙwayar mastad a mai, a zuba a kai.

Wata safiya kukun ya makara. Kwakwa ɗaya ce ta rage a gidan. Da ya girgiza ta bai ji motsin ruwa ba. Da ya fasa, sai ga cikinta ya yi rawaya yana yauƙi, wari kuma ya bugi hancinsa. Kasuwa ba nisa, amma in ya fita maigida zai gane ya makara, shi kuwa ba ya son faɗa. Sai ya wanke ta, ya niƙa, ya ƙara barkono, ya ƙara tsamiya, ya soya mastad har ƙanshi ya cika gidan.

Da ya ajiye abincin, tsohuwar ta ce, "Ɗana, kwakwar yau mai kyau ce?"

Ya ce, "Mai kyau ce, Mama."

Ta ce, "Ka ɗanɗana?"

Ya ce, "Na ɗanɗana."

Ta ci loma ɗaya ta ce, "Yau yaji ya yi yawa." Amma ta cinye, don kada ta ɓata masa rai.

Kafin azahar amai da gudawa suka kama mutanen gidan. Maigida da matarsa suka warke. Tsohuwar ba ta da ƙarfin jurewa, aka kai ta asibiti, can ta rasu.

Kowa ya ce ruwan rijiya ne. Ba wanda ya tambayi kuku. Maigida ma ya riƙe hannunsa yana kuka, ya ce, "Ka kula da uwata kamar taka." Kukun ya sunkuyar da kai. Ya tsufa a gidan nan ana yabonsa, har ya mutu bai faɗa wa kowa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ruɓaɓɓiyar kwakwa zunubin nan ne da ka sani, kai kaɗai. Barkono da mastad su ne abin da muke barbaɗawa a kai: waƙa mai daɗi ran Lahadi, ba da baiko a coci, doguwar addu'a a gaban jama'a. Abubuwan nan masu kyau ne, amma ba sa gyara abin da ya ruɓe. Wanda ya fi amincewa da kai kuwa shi ne zai fara ci: matarka, ɗanka, tsohuwarka.

'Yan'uwa, kukun nan ya guje wa faɗan safiya ɗaya, ya ɗauki alhakin rai. Ubangiji yana karɓar wanda ya zo ya ce, "Na yi laifi." Amma wanda ya yi shiru, yabon mutane iyakarsa bakin kabari. Daga nan sai ya tsaya shi kaɗai a gaban Wanda ya ga kwakwar sa'ad da aka fasa ta.